Kwaɗo a Ƙofar Ɗakin Raga

Litinin, 3 ga wata, da yamma

Sun sa wa ɗakin raga, inda nake rainon shuke-shuken gwajina, kwaɗo.

Na je da safe da butar ban ruwa a hannuna, na tarar da kwaɗo sabo fil, ga takarda da hatimi an manna a ƙofa: kada kowa ya shiga sai masu bincike sun zo daga babban ofis. Tumatir ɗina na ciki. Aikin da na yi shekaru ina rarrafe a kansa na ciki.

Darakta ya kira ni ofishinsa. Bai ce in zauna ba. Wai cuta ta cinye gonakin tumatir da ke bayan katangar cibiyarmu ta binciken noma, ganye duk ya nannaɗe ya yi ɗorawa, jiya manoma sun yi cincirindo a bakin get suna cewa cutar da matar nan take kiwo ce ta ɓalle. Kiwo! Sai ka ce awaki na tara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an gwada ganyen gonakin?" Ya ce za a gwada. Na ce to ba a gwada ba aka rufe ni? Ya ce, "Dakta, ki yi haƙuri, a bari hankali ya kwanta tukuna."

Na san wanda ya sa hannu a takardar ƙofar. Na san yadda yake ja wa harafin ƙarshe wutsiya. Ba zan yi maganarsa yau ba.

Talata, 4 ga wata, da safe

Ya kurɓi shayi ya ce sukari ya yi kaɗan. Mutumin da ya kulle mini ɗaki jiya. Jami'in kiyaye haɗari na cibiya, kuma uban 'ya'yana. Na tura masa gwangwanin sukarin har ya kusa kifewa. Mota ɗaya muka shiga zuwa aiki, rediyo ne kaɗai ya yi magana.

Laraba, 5 ga wata, da la'asar

Mama ta zo. Labari ya riga ya kai mata, an ce 'yarta na dafa annoba a kwalba. Ta zauna bakin gado ta ce, "Ke, gaya mini tsakaninki da Allah, me kike yi a wurin nan?"

Na yi mata bayanin da babu wanda ya tsaya ya saurara a cibiya. Na ce, Mama, ƙwayar cutar da nake aiki da ita, bairas, abu ne ƙanƙani, ƙwayoyin gadonsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma kowace da aikinta. Ɗaya tana hayayyafa shi. Ɗaya tana buɗe masa hanya ya yi tafiya cikin ganye. Ɗaya tana ɗinka masa riga. Ɗaya kuma ƙugiya ce da yake maƙalewa da ita a bakin ƙwarin da ke tsotson ganye, su ɗauke shi zuwa wata shukar. Ni wannan ƙugiyar na yanke na yar. Nawa ko ƙwaro ya wuni yana tsotsa, ba zai iya ɗaukarsa ba. Sai ni na cusa shi da sirinji da hannuna.

Ta ce, "To gurgu ke nan. Me za ki yi da gurgu?"

Na ce aike nake ba shi. A gurbin ƙugiyar nan nakan sa ɗan guntun ƙwayar gadon tumatir ɗin kansa. In tumatir ya tashi yaƙar cutar, duk abin da ya yi kama da ita sai ya sassare, har da nasa. Sai wannan ƙwayar gadon tasa ta yi shiru. Ni kuma in zauna in ga me ya rasa. Ina neman wadda take sa tumatir ya jure ƙishi, don a samu irin da ba zai mutu ba in ruwa ya yi tsaiko.

Mama ta ce, "Wato kamar ka hana mutum ɗaya aiki a gida, ka ga wane abu ne zai tsaya." Na ce haka ne, Mama. Ta ce, "To ai ba wuya. Su furofesoshin naku me ya hana su ganewa?"

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu daban. Ta miƙo mini bakin mayafinta.

Alhamis, 6 ga wata, da rana

Babu wanda ya ba tumatir ɗina ruwa. Na tambaya. Babu.

Juma'a, 7 ga wata, da yamma

Kwamiti ya zauna.

Sun haska hoton tumatir ɗina masu farin ganye a bango, ɗakin ya ɗauki salati. Wani daga sashen mulki ya ce, "Tumatir da furfura! Wannan ai ba lafiya ba." Na ce waɗannan na alama ne, da gangan na kashe musu ƙwayar da ke kare koren ganye, don in na ga sun yi fari in san aiken ya isa. Na ce a je gonakin, in an samu ganye ɗaya mai fari irin wannan a kore ni yau. Babu wanda ya rubuta abin da na faɗa. Na lura, babu biron da ya motsa.

Sai aka ce jami'in kiyaye haɗari ya karanta rahotonsa.

Ya miƙe. Rigar da ke jikinsa ni na goge ta. Ya kira ni Dakta, sunan da yake tsokanata da shi in na ƙona girki, amma yau da wata murya kamar bai taɓa ganina ba. Ya karanta cewa a watan jiya ragar ɗakin ta yage a kusurwar gabas, tsawon taki ɗaya, kuma ba a sanar da ofishinsa a rubuce ba.

Iska ce ta karyo reshe ya yaga ta. A ranar na gani, a ranar na ɗinke na liƙe. Babu wanda ya sani a duk faɗin cibiyar nan. Mutum ɗaya na gaya wa, a ɗakinmu, ina cire ɗan kunne, ina ba shi labarin yadda na hau tsani da allura kamar tela, yana dariya har da riƙe ciki.

Darakta ya ce, "Dakta, haka ne?"

Na ce haka ne.

An dakatar da ni har sai sakamako ya fito.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

Ina gidan Mama. Na gaya wa yara ƙafar kakarsu ce ta tashi. Ƙafar Mama lafiyarta lau, yanzu ma ta dawo daga kasuwa.

Lahadi, 9 ga wata, da yamma

Ya kira. Ban ɗaga ba. Ya sake kira, Mama ta ɗaga, suka gaisa har da tambayar mutanen gida. Ta ce mini, "Ya ce a gaishe ki." Na ce ya rubuta a rahoto.

Litinin, 10 ga wata, da rana

An hana ni ɗakin gwaji, amma ba a hana ni tsayawa a waje ba. Na zagaya bayan ɗakin raga na manna fuskata a jikin ragar.

Mako guda ke nan babu ruwa. Yawancinsu suna nan a tsaye, sun ɗan sunkuyar da kai kawai. Amma akwai waɗanda suka zube. Ɗaya kusa da famfo, ɗaya a kusurwa ƙarƙashin fanka, wasu can tsakiya. Sun yi laƙwas, ganye ya bi jikin tukunya, alhali maƙwabtansu na tsaye.

Abin da nake nema ke nan. Waɗanda suka riga kowa zubewa, su ne na kashe wa ƙwayar da ke riƙe ruwa. Amsar tana gabana, tsakanina da ita raga kawai.

Kuma ban san wace ce ba. Ni da kaina na gauraya tukwanen don kada idona ya yi son kai, lambar ƙwayar gadon da na kashe wa kowace tana kan ɗan tsinken roba a ƙasan ganye. Na tsuguna, na miƙe, na karkata kai, na jawo hoton da waya har ya dishe. Ba ta karantuwa.

Na tsaya ina zagin raga. Ni, da girmana, da digirina, ina zagin raga.

Litinin, da yamma

Na je ofishinsa, shi uban 'ya'yan nawa. Ban gaishe shi ba.

Na ce, "Makullin na hannunka. Ba na cewa ka ba su ruwa, ba na cewa ka fito da ko ganye ɗaya. Ka shiga ka karanta mini lambar tukunyar da ke kusa da famfo da ta ƙarƙashin fanka. Shi ke nan."

Ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce, "In na karya hatimin nan kafin masu bincike su zo, duk sakamakon da ya fito za a ce miji ne ya shiga ya gyara wa matarsa. Ke zan kashe."

Na ce, "Ka riga ka kashe ni ranar Juma'a."

Ya ce, "Sun tambaye ni ko ragar ta taɓa samun matsala. Ƙarya kike so in yi?"

Na ce, "Matarka ce ta gaya maka ko ma'aikaciya?"

Ya ce, "Kunnena ɗaya ne, Dakta. Ba ni da na gida da na ofis."

Na ɗauki jakata. Ya ce yara na tambayata, ƙaramar ta ƙi cin abinci sai da lallashi. Na ce ya lallashe ta da rahoto. Na san maganar ba ta da kan gado. Na faɗa dai.

Laraba, 12 ga wata, da safe

Kunnensa ɗaya ne. Madalla.

Alhamis, 13 ga wata, da la'asar

Yau wani manomi ya tare ni a bakin get. Dattijo ne, da buhu a kafaɗa. Maigadi ya nuna masa ni da baki. Ya zazzage buhun a gabana, ganyen tumatir duk a nannaɗe kamar an murɗe su.

Ya ce, "Baiwar Allah, me na yi miki? Gona guda. Ita nake ci, ita nake biya wa yara makaranta."

Na so in yi masa ihu, amma na fasa. Na tsuguna na ɗauki ganyen na juya bayansa. Ƙwari sun yi dandazo, ƙanana farare. Na ce, "Baba, wannan ba tawa ba ce. Tawa ba ta nannaɗe ganye, kuma ƙwaro ba ya iya ɗaukarta. Wannan a bakin waɗannan ƙwarin ta zo, ko kuma tun a dashe take."

Ya ce, "Kowa haka yake cewa, ba tasa ba ce."

Na ce a ina ya sayi dashensa bana. Ya juya ya nuna mini da yatsa. Ba nesa ba. Cikin katangarmu, rumfar sayar da dashe da Darakta ya buɗe bara da tafi da hotuna. Ya ce duk maƙwabtansa a nan suka saya.

Na taya shi mayar da ganyen cikin buhu. Na ce ya tuge waɗanda suka kamu ya binne, ya bar na gefen rafi ko za su tsira. Bai yi godiya ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Juma'a, 14 ga wata, da rana

Na gaya wa Darakta. Na ce a ɗauki samfur a rumfar dashe a haɗa da na gonaki. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Dakta, ke da ke cikin matsala, ba na jin lokacin nuna yatsa ne." Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga tun kafin ta gama kukan farko.

Da na fito na bi ta rumfar. An share ta tas, an wanke daɓen, ƙasa ma a jiƙe take. Wai gyara ake yi.

Ba zan rubuta abin da nake zato ba. Ba ni da hujja, kuma na ga abin da ake yi da maganar da aka faɗa a ɗaki.

Lahadi, 16 ga wata, da yamma

Ya kawo yara. Shi ya tsaya a mota. Babbar ta dubi ƙafar Mama, ta dube ni. An yi wa ƙaramar kitso a karkace, ban tambayi wa ya yi ba.

Mama ta ce, bayan sun tafi, "Ni dai ban ce ya kyauta ba. Amma mutumin da ya ƙi yin ƙarya dominki, ba zai yi miki ƙarya ba." Na ce Mama don Allah. Ta ce, "To, na yi shiru. Ƙafata ce ke ciwo."

Litinin, 17 ga wata, da rana

Duk sun zube yanzu. Ba a gane na farko da na ƙarshe.

Laraba, 19 ga wata, da yamma

Masu bincike sun zo, su biyu, da farar riga da takalmin roba. Sun yanki busasshen ganye a ɗakina, sun yanki na gonaki. Macen cikinsu ta karanta bayanin bairas ɗina ta ce, "Ai wannan ba shi da ƙugiya." Na ce na gode, Allah ya yi miki albarka, ki faɗa da ƙarfi. Ta ce ita samfur aka aiko ta ɗauka, sakamako sai an gwada.

Darakta bai jira ba. Wai don manoma su ga an yi wani abu, gobe za a kwashe duk abin da ke ɗakin raga a dafa a tukunyar tururi.

Na ce in dai haka ne a bar ni in kwashe da hannuna. An ce wadda ake bincike ba ta shiga.

Alhamis, 20 ga wata, da azahar

Na tsaya a ƙarƙashin bishiya na kalla. Uban 'ya'yana ne ya buɗe kwaɗon. Shi ya fara shiga, ya daɗe a ciki kafin ya kira leburori. Suka riƙa fitowa da jakunkuna, ƙasa da tukwane da tsinken lamba duk a haɗe. Irin tumatir ɗin nan daga hannun wata tsohuwa na karɓo shi, a wani ƙauye da ruwa ke yi musu rowa. Ta ce mini ko shekarar da komai ya ƙone, wannan ya yi 'ya'ya. Saura 'yan ƙwayoyin irin ke gare ni a firiji.

An kira wakilan manoma su shaida. Dattijon nan na cikinsu. Bai tafa ba da sauran suka tafa.

Warin dafaffen ganye ya cika cibiya har yamma. Ya kama mini mayafi.

Asabar, 22 ga wata, da safe

Na wanke mayafin sau biyu.

Talata, 25 ga wata, da rana

Sakamako ya fito. Cutar gonaki wata ce daban, ba ma danginsu ɗaya da tawa ba, da rigarta da komai nata cif, irin wadda ƙwari ke yawo da ita. Ba a samu ko ɓurɓushin tawa a waje ba.

An manna sanarwa a allo, tsakanin ta ɗaukewar ruwan famfo da ta wasan ƙwallon ma'aikata. An janye dakatarwa. Ba a ce daga ina cutar ta zo ba. Darakta ya gamu da ni a baranda ya washe baki ya ce, "Dakta, ai dama mun san ki! Komai ya wuce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai gaya wa manoman?"

Ya ce za a duba.

Ina tsammanin zan ji daɗi. Na zauna a mota na jira daɗin ya zo, bai zo ba. Na tuƙa zuwa gonar dattijon na gaya masa da bakina. Ya ce, "To tawa gonar fa, wa ya kashe ta?" Na ce ban sani ba, Baba. Ya dubi katangarmu, ya dube ni. Na gefen rafin sun tsira, ya ba ni tumatir cikin leda, na ƙi karɓa, ya ajiye a kan motar ya juya.

Laraba, 26 ga wata, da yamma

Ya zo gidan Mama. Wannan karon ya shigo, ya durƙusa ya gaishe ta, ta tashi wai za ta duba tukunya, alhali babu komai a wuta.

Ya ce, "Sha bakwai."

Na ce me?

Ya ce, "Ta kusa da famfo da ta ƙarƙashin fanka. Ranar da aka buɗe, su na fara dubawa. Duka biyun sha bakwai ne."

Sha bakwai na cikin ƙwayoyin gadon da ban taɓa sa wa rai ba. Amma ban bari ya ga murnata ba. Na ce, "Tukunya biyu daga gwajin da ya lalace, wannan ba hujja ba ce. Babu wanda zai karɓa."

Ya ce ya sani.

Na ce, "Tun ranar Alhamis kake riƙe da ita?"

Ya ce, "Da na faɗa kafin sakamako, da an ce muna haɗa baki."

Na ce, "Tambaya ɗaya. In gobe na sake gaya maka irin wannan magana a ɗaki, aka tambaye ka a ofis?"

Ya sunkuyar da kai. Na ba shi lokaci, Allah ya sani na ba shi. Ko ƙarya ce ya yi mini, da na karɓa.

Ya ce, "Zan faɗa."

Na ce to. Na shiga na haɗa kayana, saboda yara, saboda kuma Mama ta fara ɗingishi da gangan duk lokacin da na wuce.

Litinin, 1 ga sabon wata, da safe

Na shuka sauran ƙwayoyin tsohuwa. Ban bar ko ɗaya a firiji ba.

Alhamis, 25 ga wata, da yamma

Na daɗe ban rubuta ba. Gida lafiya. Muna gaisawa, muna shiga mota ɗaya, na warware wa ƙaramar kitso na yi mata sabo. Har yanzu ba a buɗe rumfar dashe ba, kuma ba mai tambaya.

Dashen sun yi ƙwari, na yi musu allura tuntuni, na alama sun fara fari. Farkon makon nan na ɗauke wa rabi ruwa, wannan karon da niyya, da ma'auni a hannuna. Yau da rana na shiga na tarar wasu sun fara sunkuyawa tun kafin sauran su san ana ƙishi. Na ɗaga ganye na duba tsinke. Na duba na biyu, na uku, na bi su duka. Sha bakwai.

Na zauna a kan bokiti ni kaɗai, ina dariya kamar wadda ta zautu. Na zaro waya, har na danna lambarsa, ta fara shiga. Na kashe.

Ɗazu muna cin abinci ya ce, "Na ga kin kira ni da rana."

Na ce hannuna ne ya taɓa.

Ya ce, "Ya aikin?"

Na ce, "Lafiya lau." Na miƙa masa ruwa.